Mai Haƙar Rijiya da Jar Duniyarsa

Wai idan mutum ya rasu, ana gaya masa amsar abubuwan da ya yi ta tambaya a duniya bai samu ba? Ko kuwa da ya isa can tambayoyin suke zubewa daga zuciyarsa, har ya manta ya taɓa yin su? Na tambayi matar liman, ta ce za ta tambayar mini mijinta. Da ta dawo sai ta ce wai in dai ci gaba da yi wa mamaci addu'a. Ina yi. Amma da tambayar nake kwana, da ita nake tashi, tun ranar da aka fita da maigidana daga gidan nan namu na Unguwar Kanawa.

Ban yi boko ba, karatun allo ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Autata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba zan fara don ƙasa ta rufe shi ba. Malam nake ce masa, shi kuma ya bi bakin yara yana ce mini Inna.

An yi jama'a a zaman makokinsa, ba zan ɓoye ba. Tabarmin maza sun kai har bakin kwata, mata kuwa sun cika tsakar gida har ƙofar madafa. Da yawa ban san su ba. Sai mace ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, ta ce rijiyar gidansu shi ya haƙa, yau ga jikokinta suna sha. Wata dattijuwa ta taso tun daga Rigachikun a motar haya, riƙe da jarka. Ta ce shekarun baya mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, kullum sai ta je rafi da tulu. Malam yana yi wa maƙwabcinta aiki ya gan ta. Da ya gama na maƙwabcin bai kwashe kayansa ba, sai ya shigo gidanta ya auna wuri ya fara sara. Ni ban taɓa jin wannan labari ba sai a bakinta. Na dai tuna akwai lokacin da aikin Rigachikun ya ƙi ƙarewa, ina mita yana cewa marmara ce ta tare shi. Ruwan rijiyar ta kawo, ta ce a yayyafa a kabarinsa. Babban ɗanmu ya karɓa ya kai.

Da a ce iyakar abin da na ji ke nan, da ban sa yarinyar nan ɗaukar biro ba. Amma mai takaba kanta a sunkuye yake, mutane sai su ɗauka kunnenta ma a rufe yake. Wasu mata biyu suna bayana, ɗaya ta ce da ɗaya ai dama shekarun nan na ƙarshe sai a hankali, mutumin da yake neman ruwa a cikin tauraro. Ɗayar ta ce tsufa ne, Allah ya sa mu gama da hankalinmu. Daga waje kuma na jiyo wata 'yar dariya da aka yi saurin dannewa, daga baya aka gaya mini wani ne ya ce yanzu kam ya tafi ya gano wa idonsa. Wanda ya fi yi mini ciwo jikanyata ce, ba da mugunta ba, tana nuna wa ƙawarta ɗakinsa tana cewa nan ne ɗakin kakanmu da ya ruɗe. Nan gaba kaɗan mu da muka san shi za mu ƙare. Abin da yaran nan suka riƙe shi ne zai zama shi. Ina tsoron a bar musu mahaukaci a madadin mutumin da na zauna da shi.

Mai haƙar rijiya ne, ubansa ma haka. Duk inda muka je baƙunta, kafin a gama gaisawa ya duƙa ya ɗebi ƙasar gidan ya murza ya kai hanci. Na sha jin kunya a gidan surukai saboda wannan. Ba ya wuce randa bai ɗaga faifan ya leƙa ba, ko da ba ƙishirwa yake ji ba. Alwalarsa a gindin lemon nan na tsakar gida yake yi, don kada ruwan ya tafi a banza, kuma in ya ga yaro ya sha ya watsar da saura, ba ya duka, sai dai ya kira shi ya sa shi ya ja guga ɗaya da hannunsa ya ji nauyinta. Duk rijiyar da ya kai ga ruwa, na farkon da ya taru a gora yake zubawa ya kawo mini. Zai tsaya a kaina da jar ƙasa har gira, ba zai yi wanka ba sai na kurɓa na ce mai daɗi ne ko zartsi. In na ce zartsi ne, ranar ba ya cin tuwo da yawa. Akwai rijiyoyi a Kawo da Unguwar Sarki da Badarawa waɗanda ni na fara shan ruwansu, alhali ban san ko ƙofar gidajen ba.

Yana da wata magana da yake yawan yi, wai sabuwar rijiya in ta kwana biyu sai ka tarar da kwaɗo a ciki, to wa ya kai shi? Yakan ce shi bai taɓa ganin inda ruwa ya zauna ba wani mai rai bai zo ya zauna kusa da shi ba. A lokacin hira ce kawai ta mai sana'a, ba wanda ya ɗauke ta da wata manufa.

Da gwiwoyinsa suka gaza, ya daina sauka rami, famfo kuma ya fara shigowa unguwa, sai babban ɗanmu ya kawo masa rediyo don ya rage zaman shiru. Akwai wani shiri da ake yi bayan la'asar, na abubuwan da masu bincike suka gano. Wata rana ina tankaɗe sai na ji ya ƙwala mini kira, abin da ba ya yi. Na taso da gari a hannu na ɗauka faɗuwa ya yi. Na same shi ya manna rediyon a kunne.

"Inna, zauna ki ji. Wai akwai wata duniya, ƙasarta ja irin ta Kaduna. Sun ɗauko hotonta daga sama, sun ga hanyoyin ruwa a jikinta, ƙoramu da koguna, amma duk sun ƙafe."

Na ce to Allah ya kyauta, ni tuwona zai yi dare.

"Ba ki ji ba ne. Ruwa ya gudana a wurin. To ina ya tafi?"

Masu rediyo Mas suke ce mata, liman ya ce a littattafansu Mirrihu ne sunanta, shi kuwa Malam jar duniya yake cewa. Wani malamin makaranta ya nuna masa ita bayan magariba, ɗan tauraro mai ja-ja wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran, shi kuma ya nuna mini. Ni dai ban ga abin da ya raba shi da 'yan'uwansa ba, amma na ce na gani. Tun daga nan ba ya bari shirin ya wuce shi. In sun yi zancen wata ko rana sai ya yi gyangyaɗi, in sun ambaci jar duniya sai ya gyara zama. Ya ji sun ce sanyin wurin ya wuce misali, in ma da ruwa to ya daskare, sai fa ko can ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ai dama ruwa in ya ga wuya ƙasa yake shigewa. Ya ji sun ce ba mutane suke tsammani ba, sai dai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ya ce ko tsutsa ce ai rai ce, Wanda ya yi ta ya san da ita.

Bai ɓoye abin ba, har wurin liman ya kai shi, don yana tsoron kada tunanin ya zama saɓo. Liman mutumin kirki ne. Ya ce masa Allah Ubangijin talikai ne, bai kuwa gaya mana iyakarsu ba, in akwai wasu a can bayinsa ne, in babu to ƙasarsa ce. Malam ya ce to in akwai su kuma ruwan ya ɓuya, da me suke alwala? Liman ya ce sai su yi taimama, tunda ka ce ƙasa ba ta yanke musu ba. Suka yi dariya su biyu. Ya dawo gida ranar fuskarsa a sake, ya ci tuwo har da ƙari.

A majalisarsu ta gindin dalbejiya, kusa da mai shayi, nan aka fara tsokanarsa. In ya iso sai a ce ga Sarkin Ruwan Sama, yau an samu yayyafi a can? Wani tsohon direba yakan ce in tafiyar ta tashi a ɗauke shi, ya san hanya har Agadas, saura kaɗan ne. Malam ya ce ai motarka ko Rigachikun ba ta kaiwa sai an tura. Haka aka yi shekaru, wasa ne tsakanin tsofaffi, yana ramawa, kowa ya san da hankalinsa yake. Shi ne fa mai raba rigimar iyakar gida a layinmu, shi ake kira in za a yashe rijiyar masallaci ya tsaya a baki yana faɗa wa matasa inda za su taka.

Abin ya canza ne shekarar da aka ce an saukar da wata 'yar na'ura mai tayoyi a jar duniyar, tana yawo tana aiko da hotuna. Babban ɗanmu yana da talabijin a sashensa, aka kira Malam ya gani. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Fili ne fetal, jar ƙasa da duwatsu a warwatse, ba ko tsinke. Ya daɗe yana kallo. Can ya juyo ya tambayi ɗansa ko sun kife tasa.

Bari in faɗi abin da yake nufi, don yaran yanzu ba su sani ba. Masu haƙa irin na da, in rami ya yi zurfi ba a ga ruwa ba, ba sa yanke hukunci da ido. Da yamma kafin mai haƙa ya fito, sai ya share gindin ramin, ya kife busasshiyar tasa ta ƙarfe a kan ƙasa, ya toshe gefenta. Da safe ya sauka ya buɗe. In cikin tasar ya yi gumi, ruwa yana kusa, a ci gaba. In ta kwana a bushe, sai a yi shawara. A wurin Malam, ba a ce wa wuri babu ruwa sai tasa ta kwana a ciki. To abin da ya tambaya ke nan. Ɗansa ya ce Baba, ai na'ura ce, ba ta da hannun kife tasa. Yara suka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Daga nan abin ya zauna masa. Yakan tashi daga cin abinci ya ce sun yi wannan doguwar tafiya sun tsaya ɗaukar hoton duwatsu. Duk wanda ya ga ya yi boko sai ya tare shi da zancen. Har ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Unguwar Sarki. Ƙanin nan nasa ma'aikacin gwamnati ne, Malam ne ya tsaya masa ya yi karatu, kuma ranar manyan abokan aikinsa sun cika rumfa. Malam ya ji an ce ɗaya daga cikinsu injiniyan ruwa ne, sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya roƙe shi in yana da hanyar da saƙo zai kai ga masu na'urar, a gaya musu su kife tasa ko sau ɗaya. Mutumin bai wulaƙanta shi ba, ya ce in sha Allahu, Baba. Amma na kusa sun ji, kafin a watse labarin ya zaga rumfar.

Washegari ƙanin ya zo gidan nan ko zama bai yi ba. Ni da shi akwai wasa, matarmu yake ce mini, amma ranar gaisuwa ma a tsaitsaye ya yi. Ina daga ɗaki ina jin su. Ya ce Yaya, don girman Allah ka bar zancen nan, ka rufa mana asiri. Malam ya ce tambaya ya yi, bai zagi kowa ba, bai roƙi kowa abinci ba. Ƙanin ya ce a gaban surukai da manyan mutane, ai da ka bari sai mun keɓe. Malam ya ce lokacin da nake cikin rami kana sama kana ja mini guga, ba ka ce in bari sai mun keɓe ba. Ƙanin ya buga babbar rigarsa ya fita. Aka daɗe ba ya zuwa.

A cikin gida kuma sai aka fara magana ƙasa-ƙasa. In ya shigo a yi shiru. Na ji ana zancen wani asibiti da ake kai masu taɓin ƙwaƙwalwa, wai a duba shi kawai. Wata safiya rediyon ya ƙi magana, aka ce masa ya lalace. Na ɗaga na ji ba nauyi, na gane batir aka zare. Babban ɗanmu ne ya zare, ɗan fari kuwa ba na iya tsayawa ina ce-ce-ku-ce da shi, don haka na cire na tocilata na sa. Duk wannan na yi ta ƙoƙari kada Malam ya ji abin da ake cewa a kansa. Majalisa ma ya rage zuwa, ya ce gwiwa ce. Na ɗauka na yi nasarar tare masa kunne.

Wata rana da hantsi ina ɓarar gyaɗa a gindin lemo, ya jawo tabarma ya zauna kusa da ni yana taya ni. Sai ya ce ko na tuna tasata ta jan ƙarfe, wadda gwaggona ta sa mini a kayan ɗaki.

Yaya zan manta? Mu ba 'yan Kaduna ba ne asali. Daga wani ƙauye muke can arewacin Katsina, kusa da iyaka. Shekarun farin nan da dabbobi suka ƙare, rijiyoyin garinmu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Malam yana da ƙarfinsa a lokacin, shi da ƙaninsa suka fara sabuwa a bayan gari, mutane suna zuwa kullum suna leƙawa. Ta yi zurfin da ba a taɓa yi ba a yankin, ba ruwa. Dattawa suka gaji suka yanke a tashi. Da asuba babbar mota ta zo, kowa yana jefa abin da ya samu. Ni kuwa ina ta neman tasata, na birkice ɗaki, na zargi maƙwabciyata a zuciya, har aka ɗaga ni aka sa a mota ina kuka. Malam yana zaune a gefena yana jina.

"Tana gindin ramin," in ji shi. "Ni na ɗauka na kife ta da yamma. Na ce da safe zan sauka in duba. Motar ta riga ni. Babana ya ce in na sauka za a tafi a bar ni."

Na ce ashe kai ne ɓarawon tasata, na yi shekaru ina ɗaukar alhakin baiwar Allah.

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce, "Gari guda ya watse, Inna. Wasu sun mutu a hanya, wasu ba mu sake jin labarinsu ba. Wataƙila tasar nan ta yi gumi a daren. Wataƙila saura kamu ɗaya. Ban duba ba."

Ya ce ranar da ya ga hoton nan a talabijin bayan garinmu ya gani, ranar da muka baro shi. Ya ce ba ya son a sake yi wa wani wuri abin da aka yi wa namu, a leƙa daga sama a ce babu, a juya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na yafa mayafi na hau mota zuwa Unguwar Sarki, na sami ƙaninsa, na ce mijina, yau ba wasa ya kawo ni ba. Na gaya masa zancen tasa. Ya ce shi ne ya zura wa Yaya ita a cikin guga da yammar nan, ya manta sam. Na ce to ba asibiti za ku kai shi ba, gida za ku kai shi.

Muka tafi mu huɗu a motar ƙanin, da ni da Malam da babban ɗanmu. Mun kwana a Katsina wurin dangi, da safe muka ɗauki hanya, daga kwalta zuwa burji, daga burji zuwa sawun shanu. Rana ta take muka isa. Kufai ne. Ba katanga ko ɗaya a tsaye, sai tudun ƙasa nan da can inda ɗakuna suka zube. Na nemi inda ɗakina yake na rasa. A bayan garin akwai wani ɓaure babba, kore shar, shi kaɗai a filin. Malam ya nufe shi da sandarsa, ya ce nan ne bakin ramin, iska ta cike shi, ɓaure kuwa ba ya tsayawa inda saiwarsa ba ta taɓa laima ba. Ƙanin ya ce a'a Yaya, ramin yana can gabas, kusa da inda turken shanun mai gari yake, wannan wurin ai tsohuwar kasuwa ce. Suka tsaya cikin rana, tsofaffi biyu da furfura, wannan yana nuni da sanda, wancan yana nuni da makullin mota, kowa yana rantsuwa. Ni aka ce in raba, na ce ni tasata nake nema a lokacin, ban kalli gabas ba.

Malam ya ce a miƙo masa dagi daga mota, ashe ya saka shi a ɓoye. Ɗansa ya ce Baba, ko mun kwana wata muna haƙa ba za mu kai ba, kuma ga jikinka. Bai yi gardama ba. Ya durƙusa da ƙyar a gindin ɓauren, ya tona da hannu iyakar inda yatsunsa suka kai, ya ɗebo ƙasa ya murza ya shinshina. Ya daɗe a haka. Sannan ya karɓi buta ya yi alwala a wurin, ruwan yana zuba cikin ɗan ramin da ya tona, ƙanin ya ja su salla a inuwa. A hanyar dawowa na tambaye shi a hankali me ya ji a ƙasar. Ya ce hancinsa ya tsufa, bai ji komai ba, ba zai yi mini ƙarya ba.

Tafiyar ta shirya shi da ƙaninsa, kusan kullum sai ya zo, su zauna su yi ta musun inda ramin yake. Amma a unguwa sai ta zama ƙarin hujja. Aka ce an kai tsoho har bakin iyaka neman tasa. Wanda ya ji rabin labari ya ƙara nasa ya ba wani. Ni kuwa ba na iya bin gida-gida ina warwarewa.

Bai daina sauraron shirinsa ba, sai dai ya daina tare mutane. In an yi zancen jar duniya ni kaɗai yake gaya wa, in ce to, ya ce har yanzu dai ba su haƙa ba. Da damina ta ja baya ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Bai daɗe yana jinya ba. Ranar da zai tafi, da safe, masu dubiya sun shigo sun fita, na ji wata a ƙofa tana tambayar matar babban ɗanmu ko yana gane mutane, ko har yanzu zancen taurarin yake. Na yi sauri na saki labule. Na ɗebo ruwan rijiyarmu a moɗa, don ba ya son na famfo, na tallafo kansa na ba shi a cokali. Ya kurɓa biyu ya kau da kai. Bayan wannan kalmar shahada ce kawai ƙaninsa ya ji a bakinsa da azahar, amma ni ga abin da ya bar mini da safen nan. Ya kama bakin zanena, ya dube ni da idonsa garau irin na ranar da aka kai ni gidansa, ya ce:

"Bar labulen, Inna, na daɗe ina jin su. Ke kin san da hankalina nake. In an tambaya, ki yi mini shaida."